Hunturu da Burbushin Nukiliya: Yadda Iska Ke Ɗauko Tokar Gwajin Bam Daga Hamada Zuwa Parakou da Djougou

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, garuruwan Parakou da Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin sukan shiga hunturu. Gari ya yi hazo, rana ta dusashe har a iya kallonta da ido, leɓɓa su tsattsage, ƙafa ta yi faso. Matar da ta share tsakar gida da safe, kafin azahar za ta ga ƙura ta sake kwantawa a kan tabarma da murfin randa. Yawancin wannan ƙura baƙuwa ce. Daga hamada ta taso, kuma ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 kafin ta sauka.

A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, ana cikin irin wannan yanayi, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Tsakanin wurin gwajin da waɗannan garuruwa biyu akwai kimanin kilomita 1,900. Babu wanda ya ji ƙarar bam ɗin a Parakou, babu wanda ya ga haskensa a Djougou. Duk da haka hankalin jama'a ya tashi a Afirka ta Yamma, domin kowa ya san inda iskar hunturu ke fitowa.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda abin da aka tayar a wuri mai nisa irin wannan zai iya sauka a kan murfin randa. Za a dubi abubuwa biyar da ke yanke hukuncin inda burbushin bam zai je da kuma ƙarfin da zai isa da shi: girman ƙwayoyinsa, tsayin da ya kai, iskar da ta ɗauke shi, ruwan sama, da kuma lokaci. Bayan haka za a dubi abin da ya faru a 1960, da abin da ya rage a cikin ƙurar yau.

1.1 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Kalmomi uku suna bukatar bayani tun da farko, domin an ɗauko su ne daga maganar yau da kullum aka ba su sabon aiki.

Burbushin nukiliya: ƙananan ƙwayoyin ƙasa da ƙarfe da tarkacen bam waɗanda ke tashi sama lokacin fashewa, sa'an nan su sauko daga baya. Wasu kan ce tokar nukiliya.

Tururin nukiliya: ƙarfin da ke fita daga cikin wannan burbushi yana ratsa jiki. A maganar yau da kullum tururi shi ne abin da ke tashi daga tukunya, ana ganinsa, ana jin zafinsa. Wannan kuwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba a jin zafinsa. Sai da na'ura ake gane shi.

Wa'adin rabi: tsawon lokacin da wani sinadari mai tururi ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kowane sinadari da nasa wa'adin, daga daƙiƙoƙi zuwa dubban shekaru.

2.0 Garuruwan Biyu da Iskokinsu

Parakou ita ce hedikwatar jihar Borgou, kuma a nan ne layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Djougou tana arewa maso yamma da ita, tafiyar kimanin kilomita 135, a jihar Donga. Duka biyun tsofaffin zangunan fatake ne. Ta nan ayarin Hausawa ke bi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, shi ya sa har yau akwai unguwannin Hausawa a cikinsu, ana zaune tare da Bargawa da Dandawa da Fulani da Yarabawa da sauran ƙabilu.

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a wannan yanki, kamar yadda yake a ƙasar Hausa. Ta farko tana tasowa daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima. Ita ke kawo damina, wadda a nan takan kama daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Ta biyu tana fitowa daga hamada, ta arewa maso gabas, busasshiya ce, ita ce iskar hunturu. Inda su biyun suka haɗu akwai wata iyaka da ke tafiya tare da rana. A watan Agusta iyakar takan haura arewa har bakin hamada. A Janairu da Fabrairu kuwa takan gangaro kusa da gaɓar teku, sai Parakou da Djougou su koma gaba ɗaya a hannun iskar hamada.

Mafi yawan ƙurar hunturu tana tasowa ne daga kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi, wanda a da can gindin wani babban tafki ne. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin ƙasar kwarin, ta biyo da shi ta kudancin Nijar da Kano da Katsina, ta wuce arewacin Benin da Togo da Gana. Wannan hanya ta daɗe tana aiki tun kafin a san bam. Duk abin da ya faɗo cikinta mai sauƙin nauyi, za ta tafi da shi.

3.0 Yadda Burbushin Ke Samuwa

Bam ɗin nukiliya yana samun ƙarfinsa ne daga tsagewar ƙwayar zarra ta yuraniyam ko fulutoniyam. Idan ƙwayoyin suka tsage, sai su haifar da ɗaruruwan sababbin sinadarai, yawancinsu masu fitar da tururi. A daidai wannan lokaci zafi yakan kai miliyoyin digiri, a sami wani dunƙulen wuta da ke mayar da duk abin da ya taɓa hayaƙi.

Idan an tayar da bam ɗin can sama ƙwarai, dunƙulen wutar ba ya taɓa ƙasa, burbushin da za a samu ƙanana ne sosai. Idan kuwa a ƙasa ne, ko a kan hasumiya, wutar takan narkar da ƙarfen hasumiyar, ta zuƙi yashi da ƙura masu yawa, ta tashi da su. Wannan shi ne gajimaren nan mai siffar laimar kwaɗi da ake gani a hotuna. Yayin da gajimaren ke hawa yana hucewa, sinadaran nan masu tururi suna manne wa ƙwayoyin yashi, kamar yadda baƙin hayaƙi ke kama gindin tukunya. Daga nan ƙurar ta zama mai guba, ko da yake a ido ba ta da bambanci da sauran ƙura.

4.0 Yadda Iska Ke Tafiya da Shi

4.1 Girman Ƙwayoyi

Mace mai sheƙar hatsi ta san wannan doka. Idan ta ɗaga ƙwarya ta zubo, tsaba takan faɗi a gabanta, ƙaiƙayi ya ɗan yi gaba, garin ƙura kuwa ya tsallake katanga. Haka iska ke sheƙe gajimaren bam. Manyan ƙwayoyi masu kamar yashi sukan faɗo cikin awa 24 na farko, a tazarar kilomita goma-goma zuwa 'yan ɗaruruwa daga wurin fashewar, a gefen da iska ta nufa. Wannan shi ne burbushi na kusa, kuma shi ya fi haɗari. Ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba, sukan zauna a sama kwanaki ko makonni, su yi tafiyar dubban kilomita.

4.2 Tsayin da Gajimaren Ya Kai

Sararin sama hawa-hawa yake, kamar bene. Hawa na farko, wanda masana ke kira turofosfiya, shi ne inda hadari da ruwan sama da hazo suke. A ƙasashe masu zafi yakan kai tsayin kilomita 16 ko 17. Bam mai matsakaicin ƙarfi yakan bar yawancin burbushinsa a wannan hawa, kuma cikin kimanin wata guda ya gama saukowa.

Hawa na biyu shi ne sitiratosfiya. A can babu hadari, babu ruwan da zai wanko wani abu. Manyan bama-bamai, irin waɗanda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka gwada a shekarun 1950 da farkon 1960, sukan fasa hawa na farko su kai burbushinsu can. Yakan zauna watanni ko shekaru yana zagaya duniya, yana saukowa kaɗan-kaɗan a kan kowace ƙasa. Wannan shi ake kira burbushi na duniya.

4.3 Iska Ba Ɗaya Ba Ce

Wanda ya taɓa kallon hayaƙin gobarar daji da rani ya ga yadda yakan miƙe, sa'an nan ya karkata wani gefe, can sama kuma ya sake juyawa. Dalili shi ne iskar da ke kusa da ƙasa da wadda ke sama ba alƙibla ɗaya suke bi ba. A kan Sahara, lokacin hunturu, iskar ƙasa tana kaɗawa daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Amma a tsayin kilomita 10 zuwa 12 akwai wata iska mai gudun gaske da ke tafiya daga yamma zuwa gabas. Saboda haka gajimaren bam yakan yanku gida-gida: kansa ya yi wani wuri, gindinsa ya yi wani wuri.

Bugu da ƙari, iskar da ke kan hamada tana da ɗabi'ar saukowa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Burbushin da iskar sama ta kai gabas zai iya gangarowa ya faɗa hannun iskar hunturu, ita kuma ta juyo da shi yamma. Ke nan nisa da miƙaƙƙen layi a kan taswira ba su isa su nuna wanda abin zai shafa ba.

Abin da ya faru a tsibirin Bikini, cikin tekun Fasifik, ya nuna haɗarin dogara da hasashen iska. A ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam mai ƙarfin tan miliyan 15 na nakiya, fiye da ninki biyu na abin da aka zata. Iska ta kai burbushin gabas, kan tsibirin Rongelap, inda ya zubo fari fat kamar toka a kan mutane da ruwan shansu. Ya kuma zuba a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Dukansu suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu a watan Satumba na shekarar.

4.4 Ruwan Sama

Ruwan sama wanki yake yi wa iska. Idan gajimaren burbushi ya haɗu da hadari, abin da zai bazu a faɗin ƙasa mai yawa sai ya zubo wuri ɗaya. A watan Afrilun 1953 an yi gwaji a jihar Nevada ta Amurka. Bayan kamar kwana ɗaya da rabi aka yi ruwa mai ƙarfi a garin Troy na jihar New York, mai nisan fiye da kilomita 3,000, sai ga na'urorin wata jami'a da ke garin suna nuna tururi ya ninka na kullum sau da yawa, alhali garuruwa da dama da ke tsakani ba su ga haka ba.

A Parakou da Djougou ba a ruwa a watan Fabrairu. Wannan yana da fuska biyu. Rashin hadari yana hana burbushi zubowa da yawa a wuri guda. Amma kuma abin da ya sauka a bushe yakan zauna a kan rufi da ganye da busasshiyar ciyawa, iska ta tayar da shi ta sake ajiyewa, har sai ruwan farko ya wanke shi zuwa cikin ƙasa da tafkuna.

4.5 Lokaci

Lokaci shi ne babban mai rage ƙarfin burbushi. Masana suna da wani lissafi na kimantawa: duk lokacin da aka ninka sa'o'in da suka wuce sau 7, ƙarfin tururin yakan ragu sau 10. Idan aka auna shi awa ɗaya bayan fashewa, to bayan awa 7 saura kashi 1 cikin 10, bayan kwana 2 saura kashi 1 cikin 100, bayan mako 2 saura kashi 1 cikin 1,000.

A ɗauki misali. Iskar da ke gudun kilomita 30 a awa, ko da ta miƙe ba ta karkata ba, sai ta yi fiye da kwana biyu da rabi kafin ta ci kilomita 1,900. Kafin nan ƙarfin ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, manyan ƙwayoyi sun zube a hanya, sauran sun bazu a sarari mai faɗi. Shi ya sa abin da ke isa nesa bai kama ƙafar abin da ke zuba kusa ba. Sai dai wasu sinadarai ba sa saurin mutuwa. Aidin-131 wa'adin rabinsa kwana 8 ne, sitirontiyam-90 kimanin shekara 29, siziyam-137 kimanin shekara 30, fulutoniyam-239 kuwa kimanin shekara 24,000.

5.0 Gwaje-gwajen Reggane

Faransa ta yi gwaji huɗu a sarari a yankin Reggane. Ta ba su sunan Gerboise, wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle, tare da launi. Na farko, Gerboise Bleue, shi ne na 13 ga Fabrairu, 1960. An ɗora shi a kan hasumiya mai tsawon mita 100, kuma ƙarfinsa ya kai kimanin tan 70,000 na nakiya, wato fiye da ninki huɗu na wanda aka jefa a Hiroshima a 1945. Sai Gerboise Blanche a ranar 1 ga Afrilu, 1960, da Gerboise Rouge a ranar 27 ga Disamba, 1960, da Gerboise Verte a ranar 25 ga Afrilu, 1961. Waɗannan uku ƙanana ne idan aka kwatanta da na farkon. Mai lura da kwanakin zai ga cewa biyu sun faɗo cikin hunturu, biyu cikin bazara, babu ko ɗaya da damina.

Hukumomin Faransa sun tabbatar wa duniya a lokacin cewa wurin ba kowa, kuma za a zaɓi ranar da iska za ta kai gajimaren cikin hamada. Shekaru da dama bayan haka aka cire wa wasu takardun sojan Faransa hatimin sirri, kuma a watan Fabrairun 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswira daga cikinsu. Taswirar ta nuna tafiyar burbushin Gerboise Bleue kwana bayan kwana. Kwana ɗaya bayan fashewar ya isa yankin N'Djamena ta Chadi, wadda a lokacin ake kira Fort-Lamy. A kwana na huɗu ya kai Bamako ta Mali. A kwana na 13 ya taɓa gaɓar Sifaniya da tsibirin Sisili, bayan ya tsallake Bahar Rum.

Wannan tafiya ta yi daidai da abin da aka bayyana a sashe na 4.3. Burbushin ya fara yin kudu maso gabas zuwa Chadi, sa'an nan ya juyo yamma. Wanda ya ja layi a taswira daga N'Djamena zuwa Bamako zai ga ya ratsa arewacin Nijeriya da kan iyakar Nijar da Benin. Parakou da Djougou suna kudu kaɗan da wannan layi, a gefen da iskar hunturu ke nufa. A Gana, maƙwabciyarsu ta yamma bayan Togo, masanan kwalejin jami'a da ke Legon sun yi awo a wannan lokaci, kuma sun ga tururin ya ƙaru bayan gwajin.

Daga ƙarshen 1961 Faransa ta koma gwaji a cikin ramuka ƙarƙashin dutse a In Ekker, inda ta yi 13 zuwa 1966. Ko a nan ba a tsira gaba ɗaya ba. A ranar 1 ga Mayu, 1962, toshiyar rami ta fashe a gwajin Béryl, gajimare ya fito ya bi ta kan sojoji da manyan baƙi, ciki har da ministocin Faransa biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski.

6.0 Daga Iska Zuwa Cikin Jiki

A wuri mai nisa, babban abin dubawa shi ne burbushin da ya shiga ciki, ta numfashi ko ta abinci da ruwa. Jikin ɗan Adam ba ya bambance sinadari mai tururi da ɗan'uwansa marar tururi. Sitirontiyam yana kama da sinadarin da ke gina ƙashi, saboda haka ƙashi da haƙori yake tafiya. Siziyam yakan bazu cikin tsoka. Aidin kuwa yakan taru a wani ƙulli da ke gaban wuya, wanda idan ya kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo.

Hanyar aidin gajeriya ce: ya sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya fito a madara, yaro ya sha. Saniya tana kiwo a fili mai faɗi, sai ta tattaro abin da ya bazu ta haɗa shi cikin ƙwarya ɗaya. Ƙullin wuyan yaro ƙarami ne, ga shi yara sun fi shan madara, don haka su abin ya fi shafa. Cibiyar binciken cutar kansa ta gwamnatin Amurka ta nuna a rahotonta na 1997 cewa ta wannan hanya ce aidin na gwaje-gwajen Nevada ya fi shiga jikin Amurkawa. Haka kuma ta madara ne aka sami yawaitar kansar wannan ƙulli a tsakanin yara bayan hatsarin Chernobyl na 1986. Saboda haka a duk ƙasar makiyaya, irin Borgou da Donga inda rugagen Fulani ke kewaye da gari, nono da cukun wagashi kuma suke cikin abincin yau da kullum, madara ce farkon abin da masana ke aunawa idan an ji labarin burbushi.

Game da waɗanda suke nesa da Reggane, hukumomin Faransa sun tsaya a kan cewa abin da ya isa gare su kaɗan ne ƙwarai. Masu bincike irin su Bruno Barrillot sun amsa da cewa ƙanƙantar awo ba ta kore illa, musamman idan abin ya shiga ciki. Waɗanda ba a jayayya a kan cewa sun fi kowa shiga haɗari su ne mazauna yankin, da makiyayan hamada, da leburori da sojojin da suka yi aiki a wurin. Sai a 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka yi wa illa.

7.0 Martanin Ƙasashen Yankin

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shugabannin Afirka ta Yamma sun fahimci haka tun kafin a yi gwajin. A watan Nuwamban 1959 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi Faransa ta fasa. A Disamba na shekarar wani ayarin masu zanga-zanga, 'yan Afirka da Turawa da Amurkawa, ya tashi daga Gana da nufin isa Reggane, amma jami'an Faransa suka tare shi a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Bayan gwajin farko Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Gana.

Nijeriya ta sami 'yancin kai a ranar 1 ga Oktoba, 1960. Da aka yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, a ranar 5 ga Janairu, 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga ƙasar.

Matsayin Benin, wadda a lokacin ake kira Dahome, ya bambanta. A watan Fabrairun 1960 ba ta sami cikakken 'yanci ba, harkokin tsaro da na waje suna hannun Faransa. Firayim ministanta Hubert Maga haifaffen Parakou ne, kuma shi ya zama shugaban ƙasa bayan 'yancin 1 ga Agusta, 1960. Matakin da Nijeriya ta ɗauka ya taɓa Dahome da Nijar da Chadi, domin wasu kayansu ta tashoshin Nijeriya suke shigowa, kuma babbar tashar jiragen ruwa ta Kwatano ba ta fara aiki ba sai 1965. Bayan 'yan watanni Nijeriya ta janye takunkumin jiragen saboda koken maƙwabta. Wato ƙasashen da ke shaƙar iska ɗaya ba su iya yin magana da murya ɗaya ba.

A ranar 5 ga Agusta, 1963, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan daina gwaji a sarari da cikin ruwa. Faransa ba ta shiga ba, ta ci gaba a tsibiran Fasifik daga 1966 zuwa 1974. Sin ce ta yi gwajin sarari na ƙarshe a duniya, a watan Oktoban 1980. Yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta fara aiki a 2009, ta haramta makaman nukiliya da gwajinsu a nahiyar Afirka.

8.0 Abin da Ya Rage a Ƙurar Yau

Aidin na 1960 ya ƙare tun a shekarar. Bayan kwana 80, wato wa'adi goma, abin da ya saura bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Siziyam kuwa yana nan, manne da yumɓu a cikin ƙasa, amma bayan shekara 60 saura rubu'insa.

A watan Fabrairun 2021 iska ta kai ƙurar Sahara Faransa har ta rina ƙanƙarar duwatsu, kuma wata ƙungiyar masu awo ta ƙasar mai suna ACRO ta sami ɗan siziyam a cikinta. Jaridu suka yi ta cewa abin da Faransa ta shuka ne ya dawo mata. A watan Maris na 2022 aka sake samun irin wannan ƙura, masana suka tattara samfura daga ƙasashen Turai da dama. Sakamakon ya fito a mujallar Science Advances a 2025, kuma ya nuna abu biyu. Na farko, ƙarfin tururin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar da lafiya. Na biyu, da aka dubi nau'in fulutoniyam da ke ciki, sai aka ga bai yi daidai da na bama-baman Reggane ba. Ya dace ne da burbushi na duniya, wanda manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet suka bari.

Dalilin haka a fili yake. An yi gwaji fiye da 500 a sarari a duniya. Bam ɗaya da Tarayyar Sobiyet ta tayar a ranar 30 ga Oktoba, 1961, ya kai ƙarfin tan miliyan 50, wato fiye da ninki 700 na Gerboise Bleue. Burbushin irin waɗannan ya hau hawa na biyu, ya zagaya duniya, ya fi zubowa a wajen 1963. Ya sauka a Sahara kamar yadda ya sauka a gonakin Borgou da na Kano. Wannan bai wanke wuraren gwajin Aljeriya ba, domin rahoton Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya na 2005 ya nuna akwai sauran tururi a wasu wurare a Reggane da In Ekker.

Ga mazaunin Parakou ko Djougou a yau, abin tsoro a hunturu shi ne ƙurar kanta. Ƙananan ƙwayoyinta suna shiga can cikin huhu, suna tayar da tari da asma, suna cutar da ido. Arewacin Benin kuma yana cikin yankin da sanƙarau ke yawaita da rani. Rufe hanci da baki ranar da hazo ya yi yawa, da rufe abinci da ruwan sha, da yi wa yara rigakafi, su ne matakan da suka dace.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tafiyar burbushin nukiliya tana bin dokokin da kowace ƙura ke bi. Mai nauyi yana faɗuwa kusa, marar nauyi ya yi nisa. Tsayin da gajimare ya kai shi ke nuna iskar da za ta ɗauke shi, ruwan sama yana saukar da shi, lokaci yana rage ƙarfinsa. An kuma ga cewa gwajin 13 ga Fabrairu, 1960, ya faɗo a lokacin da hanyar iska daga hamada zuwa ƙasar Hausa da arewacin Benin take buɗe, kuma takardun sojan Faransa da kansu sun nuna burbushin ya bi ta Afirka ta Yamma. Fargabar da mutanen yankin suka yi tana da tushe, ko da yake abin da ya isa nesa bai kai na kusa ba.

Iskar da ta yaɗa burbushin ita ce kuma ke tona asirin mai gwaji. A ƙarƙashin yarjejeniyar hana gwaji gaba ɗaya ta 1996 an tsara tashoshi 80 a faɗin duniya masu tace iska suna neman irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ɗaya daga cikinsu an ware wa Nijar. Ƙasa tana iya zaɓar wurin da za ta yi gwaji, ta zaɓi ranar, amma daga lokacin da gajimaren ya tashi, inda zai sauka ya fita daga hannunta.